Tafin Hannu da Hatimin Malam Balarabe

An yi shekara uku a jere taki yana isowa ga manoman bakin kogi bayan masara ta riga ta yi gemu. Kuma kowace shekara sai a ji a rediyo wai manoma ne da kansu suka amince da tsarin rabon. Babu wanda ya taɓa tambayarsu.

Malam Balarabe Audi shi ne sakataren ƙungiyarsu, shekara ashirin da ɗaya ke nan. Da ya idar da sallar asuba a Unguwar Dosa sai ya ɗaure fartanya a bayan keke, ya gangara fadama ta bayan Malali. Ya ba alayyahunsa ruwa tukuna, sannan ya zauna gindin mangwaro, hatimin ƙungiya na ƙunshe cikin leda a aljihunsa. Duk wanda ya zo a sa sunansa cikin manoma, ba ya tambayarsa takarda. Hannu yake ba shi, ya riƙe, ya ƙi saki, yana jan gaisuwa har ya tambayi lafiyar kaji. Kantar tafin hannu yake lalube. Tafin da ya san fartanya ba ya ɓoyuwa. Mata kuwa, cewa yake su kai shi ya ga gonar da idonsa.

Bara waccan, saura wata huɗu zaɓe, aka kira taro a wani otal a hanyar Mando. Hukuma ta fito da sabon tsari: ba za a ba kowa taki ba sai mai gonar da ta kai hekta ɗaya. A bakin kogi babu mai rabin haka. Abin da ya rage kawai hatimin ƙungiya, don a ce manoma sun yarda. An tara mutum arba'in, wai wakilan manoma, kowa da robar shinkafa a gabansa.

Balarabe bai taɓa tasa ba. Tashi ya yi ya bi kujera kujera yana gaisawa. Hannuwa luɓus, kamar burodin safe. Har da maƙwabcinsa Aminu, ma'aikacin ofis, wanda duk nomansa bai wuce fulawa biyu a cikin tukunya ba. Da jami'in hukuma ya tura masa takarda ya ce, “Baba, hatimi kawai, lokaci na tafiya,” sai ya mayar da ledarsa aljihu.

“Ranka ya daɗe, na gaisa da mutum arba'in, manoma shida na samu. Sauran su buga nasu.”

An lallashe shi, an yi masa maganar kujerar Makka, ya ce shi dai a je fadama. Bayan sati biyu sai ga jami'an sun zo, takalma sun nutse a taɓo. Habiba mai lambun yakuwa ta nuna musu ɗan filinta, ta ce da shi take ciyar da mutum tara, su auna su gaya mata hekta nawa ne. Aka soke sharaɗin. Kada wani ya ce tausayi ne. Ƙuri'a suka ƙirga. A shekarar, taki ya iso kafin shuka. Bana kuma an fara jan ƙafa, ido dai yana kansu.

Malam Balarabe, kai ne ka nuna cewa hatimin talaka yana da nauyi muddin bai buga shi da cikinsa ba. Kai ne sakataren da bai taɓa cin shinkafar taro ba. Manoman bakin kogi sun gode, Allah ya saka da alheri. Ku kuma masu riƙe da hatimin jama'a, na direbobi ne ko na 'yan kasuwa, kafin ku buga ku tashi ku gaisa da waɗanda aka ce wakilanku ne.

Amma a san abin da ya biyo baya. Ana gama zaɓe aka yi wa wata sabuwar ƙungiya rajista, sunanta kusan ɗaya da tasu, Aminu ne shugaba, kuma ita ake gayyata taro yanzu. Filin da Balarabe ya noma shekara talatin aro ne, ashe mai shi yana zaune a sahun gaba ranar otal. An zagaye filin da bulo. Yau, da shekara sittin da bakwai, a lambun Habiba yake ƙwadago. Hatimin na nan a aljihunsa.