Ni na rufe ƙofar Malam Hamisu

Shekara bakwai ke nan da muka binne Malam Hamisu, har yau akwai masu kawar da kai idan sun gan ni a masallaci. Ni ba malami ba ne. Tasi nake ja daga filin jirgin Dulles a nan Amurka, kuma ban iya dogon zance ba.

Ran Asabar yake karantar da hadisi a falonsa a Lanham, likitoci da injiniyoyi a gaba, ni a wajen takalma. Wata rana ya ba mu labarin wani amintaccen mai ruwaya na farkon zamani, wanda tsufa ya dagula wa hadda. 'Ya'yansa suka hana kowa ɗaukar karatu a wurinsa har ya rasu, shi ya sa ake karɓar ruwayarsa ba ɗar-ɗar.

Da aka watse ya riƙe hannuna. "Sale, ran da na fara haɗa wannan da wancan, ka rufe ƙofa."

"Ni da ban yi karatu ba, Malam?"

"Kai ne ba ka jin kunyar kowa."

Ranar ta zo. Ya kawo hadisi, ya sake kawo shi da wasu sunaye daban. Ɗalibai suka sunkuyar da kai, wayoyinsu suna ɗaukar muryarsa. Na tashi na ce karatu ya ƙare. Daga ranar, zuwa gaisuwa na bari, littafi da waya na hana. Magana zarar bunu ce.

Abin da ban shirya masa ba, shi kansa ya manta alkawarin. Duk Asabar sai ya ɗaura rawani ya zauna. "Sale, wa ya kore mini mutane?" In ce shi ne ya sa ni. Sai ya juya fuskarsa bango. Shekara biyu muna haka.

Yanzu wayata cike take da "an ce" marar uwa marar uba, kowa na turawa. Da yana raye, da ya ce, "Wa ya gaya wa wanda ya gaya maka?"

Wasu sun ce kaɗaici na ja masa. Wataƙila. Abin da na sani, duk wanda ya ce "na ji daga Malam Hamisu", ba a tambayarsa ko kafin ciwo ne ko bayansa. Wannan ya saura, ba ko ɗigo a kai.

Amma da fushina ya tafi. Allah Ya jiƙansa, Ya kuma tuna masa da alkawarin.