'Yardada Mai Allura da Yayanta Dakta Gidaɗo

Shekara tara 'Yardada ta yi tana wankin bandeji a wani ɗakin shan magani na gwamnati da ke Gwammaja. Da yaƙin basasa ya ɓarke, ma'aikata suka watse, likita ɗaya da ya rage aka kwashe shi bakin daga. Sai aka koya mata allura a jikin gwanda, kwana goma sha biyu, aka miƙa mata farar rigar da za ta ci mutum biyu.

Yayanta Gidaɗo kuwa, da can shi ke riƙe wa malaman dabbobi shanu ranar rigakafi. Ganin kasuwa ta buɗe, ya kama shago a Ƙofar Wambai, ya ce daga yau Dakta za a kira shi.

Duk Juma'a sai sun kaure a gidan gwaggonsu.

"Ku 'yan gwamnati maganinku ɗaya, jan ruwan nan," in ji Gidaɗo. "Mai ciwon kai ya sha, mai karaya ya sha. Ni a wurina mutum ya biya, in sallame shi shayinsa bai huce ba."

"Yaya, wai a ina ka yi karatun?"

"Ke a ina kika yi? Gonar gwanda?"

"Ni dai ban taɓa kayar da mara lafiya na ɗaure masa ƙafa ba."

Ana nan maruru ya fito wa Gidaɗo inda zama ba ya yiwuwa. Ya yi wa kansa allura uku, abu sai ƙara tasowa yake. Ran nan sai ga shi a layin 'Yardada, ya rufe fuska da rawani. Takalminsa ta gani ta gane shi.

"Kyauta ne, Yaya, amma mutum talatin ke gabanka."

A tsaye ya jira har azahar. Ta tsaga marurun yana kiran sunan mahaifiyarsu. Sai dai wata biyu rabon ɗakin da allurar kashe ƙwayar cuta, dole aka aika matarsa Habiba shagonsa ta ɗauko. Ya biya kansa da kansa, yana cewa ba ya yi wa kowa ragi.

Bayan yaƙi aka tura 'Yardada jarrabawar ma'aikatan jinya, ta faɗi Turanci sau biyu. Aka bar mata alluranta, don sababbin masu takarda hannunsu rawa yake. Gidaɗo kuma, da 'yan duba-gari suka matsa masa, ya koma sayar da takalman roba, kuma ya samu sosai.