Kunyar Ɗan Fari Ta Kusa Kai Ni Ruwa

Edita, lokacin da abin ya faru ina saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, a wani ƙauye ta wajen Bunkure. Ni ne ɗan fari, kuma kowa ya san al'adarmu. Tun da na yi wayo Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. In tuwo ya sauka, ƙanwata take aikowa a ce wa "wancan" ya zo ya ɗauka. Baba kuwa hirarmu ba ta wuce ko ruwa ya iso gona.

A ranin shekarar Baba ya yanka mini fili na shuka tumatir na kaina, karo na farko. Ya fara 'ya'ya ke nan tsutsa ta faɗa masa, ganye ya ƙone ina kallo. Na kasa faɗa a gida. Gabana ya riƙa faɗuwa ba dalili, abinci ya daina shiga. Na bar majalisa. Sau da yawa nakan tsaya a ƙofar ɗakin Inna da magana a bakina, ita kuma ta kau da kai kamar yadda ta saba, sai in juya. Zuciyata ta yi ta raya mini cewa ko na ɓace babu mai nema. Na fara zuwa bakin babbar hanyar ruwa ina tsayawa, ina tunanin da har yau nake istigfari a kansa.

Ashe ƙanwata ta gan ni, ta kai labari. Da rana tsaka ina tsaye a bakin ruwan sai ga Inna, matar da ko biki sai an yi da gaske take fita, takalmi duk laka. Ta kira sunana, kamar mai koyon faɗinsa. Ta ce tumatir ana sake shuka shi baɗi, ita kuwa ba ta da inda za ta sake samo ni. Na durƙushe na yi kukan da ban taɓa yi ba. Washegari Baba da kansa ya kai ni asibiti.

Ban ce kunya laifi ba ce, amma yaro ba ya ganin abin da ke cikin zuciya, abin da ya ji da kunnensa yake riƙewa. Iyaye, ku tambayi 'ya'yanku abin da ke damunsu tun suna tsakar gida. Ni an cim mini a bakin ruwa, ba kowa ake cim masa ba.