Ranar da Na Tuɓe Hula a Gaban Mata

Duk abin da zan manta a aikin nan, ba zan taɓa mantawa da ranar da na tuɓe hulata a bainar mata ba. Ku yaran yanzu masu koyon aikin asibiti kuna ganin kaina a buɗe, kuna zaton haka nake tun fil azal. To, ba haka ba ne.

A Bodinga aka haife ni da jan gashi, ja kamar jar dawa. Babu wanda ya san inda na gado shi. Yara suna kirana Kan Manja, manya suna cewa aljanu suka musanya wa uwata ɗa. Mai fita fatauci in ya yi karo da ni da safe, gida yake komawa. Kullum kafin in tafi makaranta sai inna ta kwaɓa baƙin tukunya da man shanu ta shafe min kai. A aji huɗu na bar boko, don na gaji da dambe.

A ƙarshen mulkin farar hula na biyu, shekarar da ruwa ya ɗauke gero yana bununi, ina lebura a wani ɗakin shan magani a ƙasar Shagari. Lebura shi ne mai shara, mai dafa allura, mai jera mutane a layi. Ba ya duba kowa. Sai aka aiko da madarar gari don yara masu tamowa, wato ciwon yunwa, tare da wani jami'in lafiya daga birni, Malam Bello. Ƙa'idar ita ce, yaron da jami'i ya ba kati shi kaɗai ke samun madara duk mako. Shi kuwa Malam Bello abu ɗaya ya riƙe daga littafinsa: tamowa tana mai da gashin yaro ja. Sai ya zauna a kujera yana kallon kawuna. Ja, kati. Baƙi, wuce.

Wata mata mai suna Hajo ta iso da 'yarta Inno, 'yar shekara uku, ko kuka ba ta iyawa. Kanta baƙi wuluk. Ya ce, “Wannan lafiya lau take. Na gaba!”

Ni kuwa da suka gifta ni, hancina ya ji abin da ya sani: man shanu da hayaƙi. Na dubi zanen goyon, wurin da kan yarinyar ke kwanciya ya yi baƙi ƙirin.

Na ce, “Ranka shi daɗe, a sake duba yarinyar ga.”

Ya ce, “Yaushe tsintsiya ta fara duba marasa lafiya?”

Mata suka yi dariya. Na ƙyale shi, na juya wurin uwar. “Hajo, mi kinka shafa mata ga kai?”

Ta ɗaure fuska. “Ni ban shafa komi ba. Ɗiyata ba jan kai ta ba. Kana son dangin ubanta su ce na haifi abin tsiya?”

Na san in ta fita ƙofar nan, Inno ba za ta ga kaka ba. Kuma na san magana ba za ta yi ba. Shekarata shida a garin babu mahaluƙin da ya ga kaina. Sai na cire hular na ajiye a kan teburin Malam Bello.

Wata tsohuwa ta ce, “La ilaha! Ashe Manja muka ba hannu kullum!”

Na ce, “Shi ne, iya, kuma har yau ba ki mutu ba. Nawa daga Allah ne, ja ki ji ko zai tuge. Na ɗiyanku kuwa na yunwa ne, in sun ƙoshi zai koma baƙi. Ni baƙin tukunya bai raba ni da komi ba. Ita wagga zai raba ta da madara.”

Hajo ta daɗe tana kallona, sannan ta kwance goyon. Na jiƙa tsumma a bokitin ruwan ɗumi na goga kan yarinyar. Ga gashi nan ja, marar ƙwari, yana biyo tsumman. Na danna ƙafarta da babban yatsa, ramin ya zauna bai taso ba, alamar kumburin tamowa. Malam Bello ya rubuta kati. Kafin azahar ruwan bokitin ya zama tawada, don ba Hajo kaɗai ta yi dabarar ba. Har waɗanda aka sallama da safe sai da suka dawo.

A rahoton da Malam Bello ya kai birni, wai shi ne ya gano matsalar. Aka ƙara masa girma, ni na ci gaba da riƙon tsintsiya har yau. Ban yafe ba, kada ma ku tambaye ni.

Amma ga abin da nake so ku riƙe. Mutanenmu sun fi tsoron gori a kan ciwo, kuma inda kunya take, nan suke rufewa. In an kawo muku yaro, kada ku tsaya a abin da aka nuna muku. Ku dubi zanen goyo, ku sa hanci, ku danna ƙafa.

Inno tana nan da ranta, 'ya'yanta uku, gashinta baƙi har kafaɗa. Hular kuwa a teburin na bar ta, ban koma ɗauka ba.