Daga Wakilinmu a Kaduna

A bangon ofishin jaridarmu an jera hotunan editocin da suka gabata, kowanne da ɗan tarihinsa a ƙasa. Wannan ya yi karatu a Ingila. Wancan ya taɓa riƙe wa gwamna harkar yaɗa labarai. Na uku kuwa ɗan wane ne, kuma da alama hakan ya wadatar, don ba a ƙara komai ba. Nakan tsaya in karanta su kamar yadda nake duba takardun jarrabawa a da: rubutu mai kyau, amsa kaɗan.

Asalina malamin makaranta ne. Hausa da tarihi nake koyarwa a wata sakandare a Birnin Gwari, har na fara aika wa jaridar labarai saboda na gaji da jin labarin garinmu a bakin waɗanda ba su taɓa bin hanyarsa ba. Ba ni da digirin aikin jarida. Babur gare ni, da littafin rubutu irin na 'yan aji uku, da mutanen da suka san fuskata a ƙauyuka. Shekara goma sha ɗaya ina wannan aiki. In an kai hari Damari, da ni ake tsayawa sahun jana'iza. In ruwa ya cinye hanyar Gwaska, in jingine babur in ƙarasa da ƙafa.

Sai dai jaridar tana da ƙa'ida tun kafuwarta: ba ta da wakili sai a babban birnin jiha. Saboda haka duk abin da na aiko, sai a ɗora masa layi ɗaya a sama: Daga wakilinmu a Kaduna. Na yi ƙorafi sau biyu, aka ce tsari ne, na yi shiru.

Wani dattijo a Dogon Dawa ne ya hana shirun nan zama lafiya. Na taɓa rubuta yadda aka kore su daga gonakinsu ana dab da girbi, aka karanta masa. Da na koma, ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Malam, ashe kai ma ka koma Kaduna?"

Na ce, "Baba, ga ni a gabanka."

"To wa ya zauna kan tabarmata ya shanye mini fura? Takarda ta ce daga Kaduna aka hango mu. Lallai idonku da ƙarfi." Ya yi dariya, sannan ya daina. "Shi ya sa masu zuwa jaje suke tsayawa can su koma."

Daga baya na koma Kadunan da gaske, na riƙe teburin labarai shekaru. Da editanmu ya yi ritaya, mai jaridar ya kira ni ofishinsa. Alhaji ne mai fara'a, irin wanda yake ba ka kujera kafin ya ba ka umarni. Ya ce kujerar edita tawa ce, saura kawai a buga tarihina ranar Juma'a. Ya miƙo mini abin da aka riga aka rubuta. A layi na uku na ga an ce na yi shekara goma sha ɗaya ina wakilin jaridar a Kaduna. Na ciro biro na soke Kaduna, na rubuta Birnin Gwari.

Ya ce, "Malam, kai dai ba ka rabuwa da jan biro."

"Kuskure na gani, ranka ya daɗe."

"Ba kuskure ba ne, tsari ne. In muka buga haka, mun faɗa wa duniya cewa shekara goma sha ɗaya muna rubuta abin da ba shi ne ba."

"Ai kuwa mun rubuta."

Ya gyara zama. "Edita fuskar jarida ne. Mutanen da muke hulɗa da su, da sun ji sunan garin nan, 'yan bindiga suke tunawa."

"Akwai masara ma a can, ranka ya daɗe. Akwai makarantu. A ɗaya daga ciki na koyar."

"Ka san akwai wanda ya dawo da digiri biyu, yana jiran kirana. Shi tarihinsa ba ya buƙatar gyara."

"Nawa ma ba ya buƙata. Gyaran da kuka yi masa ne ya ɓata shi."

Ya ba ni zuwa Alhamis in yi tunani. Ba zan yi ƙarya in ce ban yi ba. Ina son kujerar nan. Na so in ga hotona a bangon, ni da na shigo gidan ta ƙofar baya da ƙurar daji a takalmina. Kalma ɗaya ce kawai, kuma wa zai bincika? Amma na yi shekaru ina soke amsar ɗalibi saboda ya sa gari a inda ba nan yake ba, ban ga dalilin da zan yi wa kaina sassauci ba don kawai na girma. Ranar Alhamis na mayar masa da takardar yadda take, da jan layinta.

Mai digiri biyun aka ba. Sai dai yana da sauran mako shida kafin ya bar inda yake aiki, kuma jarida ba ta jira. Aka ce in riƙe kujerar kafin ya iso.

A ranar farko na tara 'yan teburin labarai na ce daga yau, inda ƙafar wakili ta taka, nan za a rubuta a sama. In ta waya ya ji, a ce ta waya ya ji. Wani ya ce mai gida ya sani? Na ce zai karanta da safe kamar kowa. Ya karanta kuwa, ya kira ni, ya yi faɗa mai tsawo cikin ladabi, na saurara cikin ladabi, washegari muka sake bugawa.

Da sabon edita ya iso, na zaci zai rushe. Ya duba shafukan ya ce ai a Ingila ma haka ake yi. Nan take abin ya zama ci gaba, kuma har an ambace shi cikin tarihinsa a bango. Masu riƙon ƙwarya ba a rataye hotonsu, don haka ni ba na nan.

Na ɗauki jarida guda na kai Dogon Dawa da kaina, wadda sunan ƙauyen yake a samanta. Dattijon ya sa na karanta masa layin sau biyu. Bai nemi sauran labarin ba, a gabansa aka yi. Ya ce, "To, yanzu ka zo." Sannan ya leƙa cikin gida ya ce a dama fura.