Gyaran da Na Yi wa Littafin Inji

Ko da tsufa zai kai ni in riƙa rikita sunayen jikokina, ba na jin zan manta da makon da na yi wa wani littafi gyaran gangar Auzinawa. Ana gab da samun mulkin kai ne, ina saurayi mai ji da kansa, ina aikin jera baƙaƙe a wata 'yar maɗaba'a da ke Jakara.

A lokacin da hannu ake komai. Baƙaƙen dalma ne ƙanana, kowanne da gidansa a cikin akwati. Ka tsinto su ɗai-ɗai ka jera a juye har layi ya cika, layi bisa layi har a sami shafi. Ni kuwa ɗan marubuci ne. Mahaifina, wanda kakanninsa suka zo daga Barno, da alƙalami ya ci abinci, kuma a gabansa na koyi cewa shafi mai kyau shi ne wanda layukansa suka tashi tare suka sauka tare. Maigidanmu yakan ce ina da ido, ni kuma yabon ya hau mini ka.

Ina son aikin nan fiye da kima. Da hantsi haske yakan shigo ta taga ya kwanta a kan akwatin baƙaƙe, ƙarar gudumar maƙera tana zuwa daga nesa sama-sama, warin tawada ya cika ɗaki. Sai hannuna ya yi ta tafiya shi kaɗai, hankalina kuwa ya tafi yawo. Nakan ga kamar wata rana littafin da na jera zai je Masar, wani malami ya buɗe ya ce, "Wane ne wannan mai hannu?" Kai, ƙuruciya dangin hauka.

Wata Laraba da damina, an ɗauke ruwa ke nan, wani abokin yayana mutumin Mandawari ya shigo da takardu a ƙarƙashin rigarsa. Akawu ne a wani ofis da ke wajen gari. An kawo musu inji mai karanta kati mai huji-huji, an tura shi Ikko ya koyo yadda ake ba injin umarni, ya dawo. Yanzu an ce ya koyar da akawu shida. Baturen ofishin bai yarda ɗan gari zai iya ba, ya ce idan ɗaliban suka kasa, zai aika a kawo wani ya karɓi wurin. Shi ne ya zauna ya rubuta musu littafin koyo da hannunsa.

Ya miƙo mini ya ce, "Ɗan Malam, don Allah ka bi shi yadda yake."

Na ce, "Haba Yaya, ka kwantar da hankalinka."

Kowane mai kawo aiki haka yake cewa, shi ya sa maganar ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu.

Da na buɗe takardun sai da na yi tsaki. A kan takarda mai gida-gida kamar na dara ya yi rubutun. Bayanin Hausa da Turanci ba laifi, amma wuraren umarnin, tabɗi! Wannan layi ya faro daga baki, wancan ya faro daga tsakiya. Lamba uku, sai fili fetal, sai harafi ɗaya tilo yana zaune can gefe. Na ce a raina bawan Allahn nan ya iya inji amma bai iya shafi ba, bari in fitar da shi kunya.

Kwana huɗu na yi ina gyara, cikin nishaɗi, har da 'yar waƙata. Na jawo kowane layi bakin shafi. Na matse filayen nan duka. Layin da ya yi tsawo na karya shi biyu. Da aka buga gwaji, wallahi shafin ya yi kyau har na ji ƙwalla.

Al'adarmu wajen duba gwaji ita ce mutum ɗaya ya karanta asali da ƙarfi, ɗaya ya bi bugun da yatsa. Maigida ya karanta, ni na bi. Ko harafi ɗaya bai ɓata ba, ko lamba ɗaya. Amma wa yake karanta fili da baki? Ba wanda ya ce "nan akwai gurbi bakwai babu komai." Shi kuma mai littafin ranar da ya zo ɗauka sauri yake yi, ya duba bango da shafin farko, ya yi godiya, ya ɗaure a bayan keke ya tafi.

Bayan kwana uku ya dawo. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya tsaya a bakin ƙofa, idonsa ya faɗa, ya ce, "Ɗan Malam, taso mu je ka ga wani abu."

Ya kai ni ofishinsu, har ɗakin injin. Har yau idan na tuna ɗakin nan sai in ga kamar a mafarki na shige shi. Ɗaki ne mai sanyi, fanka tana juyawa a hankali. Injin ya kai tsawon gado, yana wani irin gurnani ƙasa-ƙasa. Katuna suna zubowa ta bakinsa shar-shar-shar, da sauri har ido ba ya raba su. Na tsaya baki buɗe, na manta abin da ya kawo ni.

Ya ɗauki kati ɗaya ya ɗaga shi saitin taga, haske ya ɓullo ta hujojin. Ya ce, "Ka ga wannan? Gida tamanin ne a jere. Injin nan ba ya ganin kyau, ƙirga gida yake yi. Lambar da ke gida na goma, idan ka matso da ita gida na huɗu, ta zama wata magana daban. Filin da ka matse, shi ma umarni ne."

Ashe ɗalibansa sun huda katunansu daidai yadda suka gani a littafi, a gaban Bature, injin ya yi ta amayo shirme. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce, "Yaya, ni ne. Ba kuskure ba ne ma, da gangan na yi, wai ina gyara maka."

Ya ce, "Na sani. Za ka iya mayar da shi kafin Litinin?"

Na koma na warware aikin kwana huɗu da hannuna. Sai ga wata matsalar: baƙaƙenmu ba faɗinsu ɗaya ba, wani siriri wani ƙato, alhali kowanne dole ya ci gida ɗaya cif. Na riƙa yanka siraran takarda ina cusawa a gefen sirara har su cika gidansu. Shafukan da layinsu ya yi tsawo na kwantar da su a kaikaice don kada in karya ko ɗaya. A saman kowane shafi na jera lambobin gidaje. Da muka zo dubawa, na ce wa maigida yau har fili za mu karanta. Yana cewa "babu, babu, babu, biyar," ina bi da tsinke, maƙwabta suna leƙowa suna tambaya ko lafiya. Shafin ya fito da giɓi ko'ina, mummuna a idona, kuma daidai.

Ran Litinin ɗalibai shida suka huda katunansu, injin ya karɓa bai yi gardama ba. Na yi ta murna, na ɗauka an gama. Ashe tun ranar da abin ya lalace Baturen ya buga waya Ikko. Bayan mako biyu baƙon ya iso, aka ba shi ɗakin injin, aka ce abokin yayana ya zama mataimakinsa. Da littafin nan nasa baƙon ya riƙa koyarwa.

Na je har gida in ba shi haƙuri, na same shi a soro yana gyara fitila. Ya ce, "Rabo ne, Ɗan Malam. Da ka tambaye ni, da na gaya maka. Da ni ma na zauna na duba, da na gani." Ya raba laifin biyu don ya rage mini nauyi, amma ni na san nawa ya fi yawa. Ya rayu shekaru masu yawa bayan nan, muna haɗuwa a masallaci da wajen ɗaurin aure, bai taɓa tayar da zancen ba. Bai kuma taɓa zama shugaban ɗakin nan ba har ya yi ritaya.

Abin da na koya shi ne, idan ka ga abin da bai yi maka kyau ba a aikin wani, kada hannunka ya riga bakinka. Tambaya ɗaya ce, ba ta fi numfashi biyu ba: "Me ya sa ka bar nan haka?" Ban yi ta ba don ina ganin na fi shi sanin shafi, kuma wanda ya biya kuɗin iyawata mutum ne da bai yi mini komai ba sai yarda da ni.