Safiya da Labarin Mai Furen Bado

Assalamu alaikum. Ku gafarce ni da na dame ku da wannan rubutu alhali hawayen wasunmu bai bushe ba. Ba don akwai wata buƙata a ƙarshensa ba, da na yi shiru na ci gaba da addu'a.

Da hantsi ne, ina shanya kayan yara a gidanmu na Old Trafford, waya ta yi ƙara. Malam Nura ne daga Birmingham, mijin Safiya. Ko gaisuwa bai iya yi ba. "Maman Usman," ya ce, "ƙawarki ta cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mun san ciwon ya ci ƙarfinta tun bara, amma duk da haka sai da na nemi wurin zama.

Tare muka yi makarantar allo da Safiya a Katsina. Ita ta samu tallafin karatu ta tafi ƙasar Sin ta koyi haɗa magunguna, ni kuma aure ya kawo ni Manchester. Can sai Allah ya sake haɗa mu, tana aiki a wani asibiti a unguwar Edgbaston ta Birmingham. Waɗanda suka zauna da ita sun san halinta. In ta ji likita ya rubuta miki magani, za ta kira ta ji ko kin sha, in kin yi ƙarya kuma ta gane daga muryarki. Takan hau jirgin ƙasa da kuka da daddawa a jaka, ta kai wa ɗalibanmu na Ardwick a nan Manchester da kewar gida ta dame su, ba ta taɓa faɗa wa kowa ba sai daga bakinsu muka ji.

Amma yaranmu da abu ɗaya suka san ta: labaran da ta taho da su daga Sin, na wasu mutum takwas da aka ce mutuwa ba ta riskarsu. Yaran da in ka yi musu Hausa sai su amsa da Turanci, da ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku," sai ka ga sun ajiye waya sun zagaye ta. Ta raɗa wa kowanne suna irin namu. Akwai Baba Na-Gora, gurgu mai sandar ƙarfe da gorar magani. Akwai Malam Baibai, tsohon da ke hawan jakinsa yana fuskantar wutsiya, in ya sauka ya ninke jakin kamar takarda ya sa a aljihu.

Na taɓa janta gefe na ce, "Safiya, anya? Mutanen da ba sa mutuwa? Wannan sifa ai ta Allah ce shi kaɗai." Ba ta ji haushi ba. Ta ce, "Bilki, tatsuniya ce, irin wadda Inna ke yi mana a tsakar gida, kuma haka nake gaya musu. Waɗanda suka ƙago ta tsoron mutuwa suke ji kamar mu. Mu dai an faɗa mana inda za mu." Labarin da ta fi so shi ne na ranar da suka ƙetare teku babu jirgi, kowanne ya jefa abin hannunsa a ruwa ya hau. Takan dube mu mu iyaye ta ce, "Mu ma haka muka zo ƙasar nan. Ke da allonki kika haye, ni da kwalaben magani."

Ran sadakar uku na je Edgbaston. 'Yarta Ikram, mai shekara tara, ta zo ta zauna a jikina, ta yi tambaya da Hausarta mai karyewa. "Anti Bilki, kin san na mai fure?" Ashe mahaifiyarta ta ba ta labarin bakwai daga cikin takwas ɗin ɗaya bayan ɗaya, ta ajiye na macen da ke cikinsu, mai riƙe da furen bado. Kullum sai ta ce, "Sai na samu sauƙi, Ikram, wannan ba a yin sa a kwance." Malam Nura ya ce bari ya nemo mata a waya. Ta girgiza kai. "Abba, na waya ba shi da Baba Na-Gora. Na Mama nake so."

Sau ɗaya na san Safiya ta ba da labarin nan, a wani taron suna a nan Manchester, kafin ciwon ya bayyana. Ikram ba ta zo ba ranar, ni kuma ina kicin ina zuba waina. Na tambayi Usman nawa, abin da ya riƙe kaɗan ne: wai yarinya ce da ke hawa duwatsu tana tsinko wa mahaifiyarta 'ya'yan itace. Da ya faɗa sai na tuna Ikram. Ina jin na gane abin da ya sa ta kasa ba 'yarta wannan labari daga kan gadon asibiti.

Allah ya jiƙan Safiya, ya gafarta mata, ya sa ciwon da ta sha ya zama kaffara, ya haskaka kabarinta. Allah ya ba Malam Nura haƙuri, ya raya Ikram cikin imani, ya sanyaya zuciyar Inna da ke can Katsina ba ta ga jana'izar 'yarta ba. Mu kuma ya kyautata namu ƙarshen.

Malam Nura zai mayar da Ikram wurin kakarta bayan sadakar arba'in. Yaran da suka ji labarin duk a nan suke. Don Allah, duk wadda ɗanta ko 'yarta ke wurin taron sunan nan ranar, ta zaunar da su ta tambaye su. Ko sunan da Safiya ta raɗa wa mai furen ne kawai suka tuna, ina so. Zan harhaɗa, in je in ba Ikram da bakina kafin su tashi. Ku taimaka ku amsa mini da wuri.